Waɗanda suka canza jami'a a Amurka suna wasa, me ya faru da kwas ɗinku?

Yayan mai gudu, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda abin ya faru da su da kansu ne, ba an ce ka ce ba. Ƙanina yana gudun mita 400 a wata jami'a a Amurka, Division I, wato rukuni mafi girma a wasannin jami'o'insu, da sikolashif ya tafi, yanzu yana ƙarasa shekara ta biyu a injiniyan gine-gine. Kocin da ya ɗauke shi ya bar makarantar, sabon da aka kawo kuma da yaransa ya zo, to shi ne yace shi zai shiga fotal ɗin tiransifa, wato rijistar 'yan wasan da suke neman canza makaranta. Gudun bai dame ni ba, Allah ya ba shi ƙafa. Karatun ne ya hana ni barci, don mahaifinmu da sharaɗin digirin nan ya yarda ya tafi. In ya canza makaranta kwas ɗinsa zai bi shi ko kuwa? Don Allah wanda ya taɓa ya faɗa mana yadda tasa ta kaya.

Ɗan Nima

Wa alaikumus salam Yaya. Ni ƙwallon ƙafa ta kai ni daga Accra, kuma amsar a taƙaice ita ce kwas baya bin mutum kai tsaye, sai an zauna an duba. Na fara a kwalejin shekara biyu, wacce muke cewa JUCO, ina bayoloji, na gama da sakamako mai kyau don a lokacin sai kana da GPA 2.5 kafin a bar ka ka buga wasa a Division I. Da na isa sabuwar makarantar sai adibaiza na 'yan wasa ta ɗauko takarda ta nuna min cewa eh sun karɓi kusan duk kiredit ɗina, amma yawanci a matsayin na cike gurbi suka shiga, basu shiga cikin lissafin digirin bayoloji ba. Nan ne gizo ke saƙar. NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tana da doka, kafin ka shiga shekara ta uku dole ka gama kashi 40 cikin 100 na digirin da kake karantawa, kafin ta huɗu kashi 60, kafin ta biyar kashi 80, kuma da ma'aunin sabuwar makarantar ake lissafawa ba tsohuwar ba. Digiri yawanci kiredit 120 ne, kenan 48 ake nema daga gare ni, a bayoloji ban kai ba amma a General Studies na wuce. Tace min zaɓi naka ne, ko ka tsaya a bayoloji ka zauna a benci bana, ko ka koma wancan ka buga ranar Juma'a. Yaro ɗan shekara ashirin da ya tsallako teku don ƙwallo, me kake tsammanin zai zaɓa.

Ciwon bai fito ba sai bayan na gama. Mu masu bizar ɗalibai ta F-1 ana ba mu OPT, izinin aiki na wata 12, in kuma digirinka cikin jerin STEM yake, wato kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, ana ƙara maka wata 24, ya zama shekara uku cur. Bayoloji yana ciki, General Studies baya ciki. Injiniyancin ƙaninka yana ciki. Ka lissafa abin da zai bari a ƙasa.

'Yar Tudun Wada

Tabbas abin da Ɗan Nima ya faɗa haka yake. Ni kwando nake bugawa kuma nas nake son zama tun ina sakandare a Jos. Makarantata ta farko suna da sashen nas mai kyau amma ranakun zuwa asibiti suna cin karo da tirenin da tafiye-tafiyen wasa, kuma asibiti basa ɗaga wa kowa ƙafa, in an ce ƙarfe bakwai na safe zuwa yamma to haka ne. Doka tace awa 20 a sati ne iyakar abin da koci zai sa ku a lokacin kaka, amma tafiya da zaman jinyar rauni basa cikin lissafin, ranar wasa kuma awa uku kawai ake rubutawa ko da kun wuni. Ba wanda ya ce min kar in yi nas, sai dai kullum a ce ki duba kimiyyar lafiya mana, ai kusan ɗaya ne. Ba ɗaya bane wlh, da wancan ba zaki zauna jarabawar NCLEX ta lasisin aikin nas ba.

Ni da na shiga fotal ƙasa na sauka, na koma Division II. Kafin in amsa wa kowane koci sai da na ce ya haɗa ni da shugabar sashen nas, don shiga jami'a daban shiga sashen daban, suna da nasu fom da nasu iyakar kujeru. Kocin da na zaɓa tana da 'yan wasa biyu da suka riga suka yi nas a hannunta, na kira su muka yi magana. Ba talabijin, filin ma ƙarami ne, kuɗin abinci ya ragu, amma yau ina aiki a asibiti alhamdulillah. Yaya ka ce wa ƙaninka ya tambayi duk kocin da ya kira shi, mutum nawa ne a tim ɗinka suke injiniyanci yanzu haka, ka bani lambar ɗaya.

Dogon Maraɗi

Salam. Hausata ta Nijar ce ku yi haƙuri da rubutun. Ni abu biyu suka cinye min lokaci. Na ɗaya turanci, da faransanci na yi bakaloriya, to azuzuwan koyon turanci da na yi a farko yawanci ba a lissafa su cikin digiri. Na biyu makarantar da na baro tsarin kwata take yi, zango uku a shekara, wadda na koma kuma semesta, kiredit ɗaya na kwata kashi biyu cikin uku ne na semesta, sai ka ga darasin lissafi da ka gama ya zama bai cika ba a ce ka sake. Sannan duk abin da ka samu ƙasa da C yawancin makarantu basa karɓa ko da a tsohuwar an ce ka ci.

Kuma kar ya manta da ofishin ɗalibai baƙi. Koci bai san komai a kan SEVIS ba, wato rijistar gwamnati ta ɗalibai baƙi, ba aikinsa bane. Sai tsohuwar makaranta ta saki rikodinka, sabuwar ta baka sabon I-20, takardar da bizarka ta dogara da ita, kuma dole ka fara karatu a can cikin wata biyar. Ba'amurke in fotal ta juya masa baya gidan babarsa zai koma ya jira, mu biza ce a wuyanmu.

Yayan mai gudu, Kaduna

Allah ya saka da alheri. Wato ko ya shiga fotal ɗin ma ba dole a ɗauke shi ba kenan? Ni na ɗauka sai ka samu wuri kake shiga.

Tsohon mai tsaron gida

A'a Yaya, shiga kake ka jira. Fotal ɗin tun Oktoban 2018 aka buɗe ta, kai dai ka sanar da ofishin bin ƙa'ida na makarantarka, su kuma cikin kwanakin aiki biyu su sa sunanka, daga nan kociyoyi suna da damar kiranka. Amma daga ranar makarantarka tana da ikon yanke maka sikolashif a ƙarshen zangon, kuma ba dole su karɓe ka ba in ka ce ka fasa. Haka ta faru da ni. Wani mataimakin koci ya yi ta nuna yana so na ta bakin wani abokina, na shiga, ashe sun samu wani gola daga Turai, wayar ta yi shiru. Bazarar nan ban ga irinta ba, a ɗakin wani bawan Allah ɗan masallacinmu na kwana har Allah ya kawo wata ƙaramar makaranta ta NAIA, wata ƙungiyar wasannin ƙananan jami'o'i daban da NCAA, da rabin sikolashif. Basu da kwas ɗin akanta da nake yi, harkar kasuwanci kawai gare su, shi na ƙarasa. Ban raina ba, da shi nake cin abinci, amma ba shi na je nema ba.

Kuma wasanni irin su gudu da ƙwallon ƙafa dama ba kowa ke da cikakken sikolashif ba, raba shi ake yi. Tun da alƙali ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, a Yunin 2025 makarantun da suka shiga tsarin suna iya raba wa 'yan wasa har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, amma an sa iyakar yawan mutane a kowace tim, kuma kuɗin yawanci wajen ƙwallon Amurka da kwando suke tafiya. Masu gudu su yi hattara sosai.

Injiniya daga Fagge

Ni dai bari in kawo ɗaya ɓangaren don kar a tsorata yaron gaba ɗaya. Tiransifa ce ta bani injiniyanci. Makarantar da ta fara ɗaukata ƙaramar kwaleji ce mai zaman kanta, babu sashen injiniya sam, fiziks nake yi ina haƙuri. Ina jifan faifai, da nisan jifana ya ƙaru sai wata babbar jami'ar jiha ta nuna sha'awa. A lokacin dokar Afrilun 2021 ta fito wacce ta ba kowa damar canzawa sau ɗaya ba tare da zaman shekara guda ba, daga baya ma a 2024 suka cire iyakar gaba ɗaya muddin karatunka yana kan layi. Abin da ya cece ni shi ne tun ƙarshen shekarar farko na tashi, lokacin darussan duk na gama-gari ne, kalkulas, fiziks, kemistiri, turanci, waɗannan kusan ko'ina suna shiga. Ƙaninka yana ƙarshen ta biyu, wannan ita ce gaɓa mafi wuya, don injiniyanci sarƙa ne, sai ka ci wannan a baka wancan, wani darasin ma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, in ɗaya bai shiga ba ya ja maka shekara guda.

Ga abin da na yi, na tura taransikirif ɗina da silabus na kowane darasi, ba sunan darasin kaɗai ba, na ce a bani a rubuce daga ofishin rijistara wanne ya shiga kuma a wane gurbi. Maganar koci ta baki ba hujja bace, ba don yana ƙarya ba, shi ba shi ke da hurumin ba. Ya kuma duba ko shirin nasu yana da amincewar ABET, hukumar tantance kwasa-kwasan injiniya, zai yi masa amfani wajen lasisi a can, in ya dawo gida ma zai je gaban COREN, hukumar injiniyoyin Najeriya, da ƙarfinsa. Sannan yawancin jami'o'i suna da sharaɗin sai ka yi wani adadi na kiredit a wajensu kafin su baka digiri da sunansu, sau da yawa talatin na ƙarshe, wasu ma fiye.

Maman 'yan biyu, Zariya

Ɗana sau biyu ya canza. Duk lokacin da ya kira sai yace Mama an samu inda ya fi, ni kuma in ce Allah ya sa albarka don ban san tsarin ba. Ya fara da kwamfuta, ya koma sadarwa, na ƙarshen har yau sai na duba takardar nake iya faɗin sunansa. Shekarun wasansa suka ƙare saura masa kusan shekara guda na karatu, don a lokacin a Division I shekara biyar ake ba su su buga kaka huɗu, agogon kuma baya tsayawa don ka canza makaranta. Allah ya taimake mu makarantar ƙarshen ta ci gaba da biya har ya gama. Iyaye don Allah in sun kira ku tambaye su sunan kwas, ba sunan makaranta kaɗai ba. Ɗana Yayan mai gudu, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa ƙaninka haka.

Ɗan Nima

Amin Mama. Abin da ya faru da ɗanki akwai doka a kai tun 2022, makarantar Division I da ta ɗauki ɗan tiransifa da sikolashif dole ta ci gaba da ba shi har ya gama digirin farko ko shekarunsa biyar su cika, sai in shi ya sake tashi. To amma ya karanta takardar da kyau kafin ya sa hannu.

Kuma tura 'yan wasa cikin kwas ɗaya ba sabon abu bane, in ka duba jerin sunayen wata tim sai ka ga rabinsu abu ɗaya suke karantawa. Mafi munin da aka gani shi ne na Jami'ar North Carolina a Chapel Hill, rahoton 2014 ya nuna ɗalibai wajen 3,100 cikin shekara 18 sun bi ta azuzuwan da babu lakca sai takarda ɗaya, kusan rabinsu 'yan wasa ne. Yanzu ba a yin irin wannan a fili, amma matsin a ga ka cancanci buga wasa ko ta wane kwas yana nan.

Mai tsallen Damagaram

Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Ni ma kocina ya tafi, na daure na zauna da sabon duk da bama shiri, na ɗauki darussan bazara na gama digirina na lissafi, sannan na shiga fotal a matsayin wanda ya kammala. A nan ba maganar ɓatan kiredit kuma, digirinka yana aljihu, mastas kake nema. Mu korona ta ƙara mana shekara guda ta wasa shi ya sa abin ya zo min da sauƙi, amma ko ba haka ba in yana da shekarar da bai yi gasa ba zai iya. Abin lura kawai, wasu makarantun sai su sa ka a satifiket na wata tara maimakon mastas na gaske don shi ya fi sauƙin shiga, ni na ce musu sai dai mastas, kuma na tambaya wa zai biya shekara ta biyu bayan wasana ya ƙare, suka ce in nemi aikin taimaka wa malami a sashen, na nema na samu.

Yaya, ka ce masa kafin ya taɓa fotal ya je wajen adibaizan sashen injiniya, ba na 'yan wasa ba, ya karɓi lissafin abin da ya rage masa. Ya duba ranar da tagar tiransifa ta masu gudu take buɗewa da rufewa, don kowane wasa da tasa. In kuma yana so mu yi magana ka turo min saƙo ta gefe, ina tashi aiki ƙarfe shida agogon Texas.