Sakatar ƙofar kabad a motar tafi-da-gidanka: abin da ya same mu da yadda muka gyara

Mai tambaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu motar tafi-da-gidanka, wato motar da ke da ɗakin kwana da kicin a cikinta. Ina neman wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki ya ba ni labarin yadda ya fita. Kabad ɗin tufafin da ke ɗakin kwanan motarmu yana da ƙofofi biyu masu madubi waɗanda ake turawa gefe a kan layin ƙarfe, kuma abin da ke riƙe su idan mota tana tafiya wata 'yar sakata ce ta roba wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Sau uku ke nan tana karyewa cikin shekara guda, kuma kowane karo a wuri ɗaya take tsagewa, wato daidai gindin harshen da ke shiga rami. A tafiyarmu ta ƙarshe, da muka tsaya na leƙa ɗakin, sai na tarar ƙofa ɗaya ta sauka daga layinta ta jingina da gado, guntun robar kuwa yana can cikin takalma. Madubin bai fashe ba, amma ba na so in sake gwada sa'ata. Akwai kuma ƙaramar ƙofa mai hinji a gefen gado, wadda sukurorin sakatarta suka daina kama katako, juyawa kawai suke yi. Shin in ci gaba da sayen irin wannan robar, ko akwai dabarar da ta fi?

Tsohon kafinta

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka sake sayen wata, ka tsaya ka tambayi kanka dalilin da ya sa take karyewa a wuri ɗaya. Sakatar da ta karye sau uku a gindin harshe tana faɗa maka cewa harshen ba ya shiga raminsa kai tsaye, gefensa yake bugawa, ana tanƙwara shi kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka rufe ƙofa har robar ta gaji. Ni ma haka ta faru da ni a tawa motar, kuma duk da shekarun da na yi ina kafa ƙofofi sai da na lalata guda biyu kafin na yi abin da ya kamata in fara yi. Na ari janbakin maiɗakina na shafa a kan harshen sakatar, na tura ƙofar a hankali har ta rufe, sannan na buɗe na duba. Jan tabon bai fito a tsakiyar ramin ba, a leɓensa na sama ya fito, kusan milimita 3 daga inda ya dace. Alli ma yana yin wannan aiki, sai dai janbaki ya fi nuna sawu. A ƙarƙashin irin waɗannan ƙofofi akwai ƙananan tayoyi, kuma yawancinsu suna da sukurun da ake juyawa a ɗaga ƙofar ko a sauke ta. Juyi biyu na yi a gefe ɗaya, tabon ya dawo tsakiya.

Batun sukurorin da ke juyawa kuwa, laifin katakon ne. Don a rage nauyi, masu ƙera waɗannan motoci suna yin ƙofofi da bangon ciki da siririn filawud wanda kaurinsa bai fi milimita 3 ba, ko kuma da garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe shi da takarda mai zanen itace. Irin wannan idan zaren sukuru ya ci shi sau ɗaya, ya zama gari ke nan. Ka cire sukurun, ka ɗiga gam ɗin katako a ramin, ka cusa tsinken sakace uku ko huɗu har su matse, ka karya abin da ya yi saura a waje, ka bar shi ya kwana. Washegari ka huda ɗan siririn rami a tsakiya kafin ka mayar da sukurun, kuma da hannu za ka ɗaure, kada ka sa inji, domin inji ba ya jin lokacin da katako ya ce ya isa.

Uwar 'yan biyu

Baba kafinta ya faɗi gaskiya, amma a wurinmu matsalar daga cikin kabad ɗin ta fito. Mun daidaita ƙofa sarai, sakata ta ci gaba da karyewa. Ranar da na gane dalili, maigida ne yake matsar da motar a hankali a cikin filin da muka sauka, ni kuma ina zaune a bakin gado na buɗe ƙofa ɗaya ina kallo. Da ya taka birki, sai na ga rigunan sanyin nan masu nauyi da muka rataye sun yi lilo gaba ɗaya kamar mutum guda, suka daki ƙofar da ke rufe, na ji sakatar ta yi ƙara. A hanya kuwa wannan duka sau ɗaruruwa ne a yini. Ga kuma akwatin takalman yara da nake ajiyewa a ƙasa, wanda yake zamewa ya tokare ƙofar daga ciki. Ɗakinmu a can baya yake, bayan tayoyi, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta doguwar mota ya san cewa nan ne tsalle ya fi yawa.

Abin da na yi ba shi da wuya. Ina tattara rigunan in ɗaure su da igiyar roba mai ƙugiya a jikin bangon kabad kafin mu tashi, kayan nauyi na mayar da su ƙasan gado, akwatin kuma na shimfiɗa masa tabarmar roba mai hana santsi. Sai na ƙara wani maɗauri na yadi mai maɓalli, gefe ɗaya a jikin ƙofa, ɗayan a jikin bango, wanda ba ma ɓalla shi sai za mu hau hanya. Shekara biyu ke nan sakatar robar nan tana nan. Abin da kawai ya rage shi ne mantuwa, don haka na rubuta shi a takardar abubuwan da muke dubawa kafin tashi, tsakanin rufe tagogi da kashe gas.

Mai ƙaramar tirela

Ni dai gargaɗi ɗaya zan bayar, kada kowa ya dogara da maganaɗisu shi kaɗai. Na sa mai ƙarfi a ƙofar kabad ɗina, wanda sai na ja da gaske yake buɗewa, na ɗauka na gama. Rami ɗaya muka faɗa ya saki, kuma da zarar ƙarfen ya rabu da shi ko da kaɗan ne, riƙonsa ya tafi, babu abin da zai dawo da ƙofar. A ƙofa mai zamewa gefe ma abin ya fi muni idan aka kafa shi ta yadda fuskokin biyu za su goga juna, domin maganaɗisu ya fi sauƙin zamewa fiye da ɓamɓarewa. Yana da amfani wajen hana ƙofa kaɗawa idan an tsaya, iyakarsa ke nan.

Makanike mai ritaya

Malam mai tambaya, bari in ƙara maka da abin da na koya bayan na ɓata lokaci ina liƙa karyayyun sakatu. Ba kowace roba ce gam yake kamawa ba. Yawancin sassan da ke gogayya ana yin su da nailan ko makamancinsa, masu santsi kamar an shafa musu mai, kuma gam ɗin nan mai saurin bushewa ba ya riƙe su, zai yi kamar ya kama, ka rufe ƙofa sau biyu ya rabu. Robar da ake kira ABS ita ce take narkewa da asiton, wato sinadarin goge jan farce, har a iya haɗa ɓangarorinta, amma ko ita ban ga ta jure a gindin harshe ba, inda duk ƙarfin yake taruwa. Sanyi mai tsanani yana sa roba ta yi gautsi, rana da zafin mota a rufe kuma suna tsofar da ita, shi ya sa sau da yawa take karyewa a tafiyar farko bayan motar ta daɗe a ajiye. Wani kuskure da na yi da hannuna shi ne ɗiga ruwan nan shuɗi mai hana noti kwancewa a kan sukurun sakata. Ya gangara ya taɓa robar, bayan kwanaki na ga ta yi tsaga-tsaga a kewayen ramin. An yi shi ne don ƙarfe da ƙarfe, yana cin wasu robobi.

Ga ƙofa mai hinji, irin sakatar da na fi gamsuwa da ita ita ce mai baki da sifirin a ciki, wadda take cafke ɗan ƙarfe ko robar da ke jikin ƙofa. Kamfanin Southco yana yin ta da ƙarfin riƙo iri uku, fam 3, fam 5 da fam 10, wato kusan kilo 1.4, kilo 2.3 da kilo 4.5. Mai fam 5 ta ishi ƙaramar ƙofa irin ta gefen gadonka, mai fam 10 kuma ta durowa ce mai nauyi ko doguwar ƙofa. Idan ka sa mai ƙarfi a siririyar ƙofa, kullum sai ka fizga, kuma fizgar ce za ta tuge sukurorin da ka sha wahalar gyarawa. Ka lura da wani abu game da ita: idan bakin ya rufe alhali ƙofa tana buɗe, sai ka ɗaga shi da yatsa ko bakin sukundireba kafin ka tura, in ba haka ba ka daki rufaffen baki ka karya shi. Wannan ya karya sakatu da yawa da ake ɗora wa laifin rashin inganci.

Ka kuma duba kan sukurorin. Idan motarka ƙirar Amurka ce ko Kanada, akasari ramin kansu murabba'i ne, irin wanda wani ɗan Kanada, P. L. Robertson, ya fara ƙerawa a 1908. Girman lamba 2 ne ya fi yawa, wanda bisa al'ada ake yi wa sukundirebansa jan mariƙi. Sukundireba mai bakin kuros zai shiga kamar ya dace, amma cinye kan sukurun zai yi.

Mai motar haya

Da izinin manya, ni ban yarda da ci gaba da roba ba ko kaɗan. Motocin da nake bayarwa haya hannaye da yawa suke taɓa su, ba wanda zai tsaya ɗaga baki da yatsa. Na cire robobin duka na sa sakatar ƙarfe irin ta ƙofar banɗaki. Amma don kada in ɓoye rabin labari, ta farko da na kafa ba ta karye ba, ƙofar ce ta karye. Ƙarfen ya ƙi sakewa, sai ƙarfin dukan ya koma kan firam ɗin madubi, ya tsage shi daga kusurwa, kuma sauya ƙofa ya fi sauya sakata ciwo nesa ba kusa ba.

Tsohon kafinta

Ai ƙanena, ka ba da amsar da bakinka. Roba tana karyewa ne ta fanshi ƙofa, to idan ka sa abin da ba ya karyewa dole ka ƙarfafa inda ya zauna. Ni ba na ƙin ƙarfe, sharaɗi biyu kawai nake gindaya masa. Na farko, a liƙa guntun katako na gaske a bayan wurin, mai faɗin tafin hannu, sannan a huda a ratsa da ƙusa mai noti da wosha, yadda nauyin zai bazu maimakon ya taru a kan zaren sukuru biyu. Na biyu, kada a bar rata. Ƙofar da ke da wurin motsi ko na rabin santimita ne tana samun gudu kafin ta daki sakata, kamar guduma, wadda aka matse kuwa turawa kawai take yi. Ɗan guntun soso ko roba mai laushi a inda ƙofa ke haɗuwa da bango yana cinye wannan rata. A jikin firam ɗin madubi kuma a auna tsawon sukuru sau biyu, don tsininsa idan ya taɓa gilashi daga baya shi ke nan. Haka ma bango, wayoyin lantarki da bututun ruwa suna bi ta bayansa, kada a huda da zurfi.

Mai ƙaramar tirela

Na manta ban faɗa ba, duk wanda zai yi gwajin janbakin nan ya fara daidaita motar da lebur, wato ma'aunin daidaito na magina, a wuri mai shimfiɗa. Na taɓa gyara ƙofa alhali jak ɗaya na baya ya ɗaga kusurwa fiye da sauran, jikin motar ya ɗan murɗe, da na sauke jak ɗin sai sakata ta ƙi shiga gaba ɗaya. Kuma idan ƙofa ta fara tauri lokacin laima, katako ne ya kumbura, kada a yi gaggawar fere shi.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da sauran 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Na daidaita motar, na yi gwajin, tabon ya fito a leɓen ƙasa na ramin. Da na ɗaga ƙofar na duba ƙarƙashinta, sai na ga taya ɗaya ta cinye ta gefe ta zama kamar an yanka ta da wuƙa, layin kuma cike da gashi da ƙura da wani maɓallin riga da muka daɗe muna nema. Na sauya tayoyin biyu, na share layin, na mayar da sabuwar sakatar roba irin ta da, na liƙa soso a bakin bango, na kuma ƙara maɗaurin yadi irin na Hajiya. Ƙaramar ƙofar ta sami tsinken sakace da sakata mai fam 5. Mun yi tafiyar kwana huɗu, har da wata hanya mai gargada da ta sa cokula suka yi ta kiɗa a durowa, kuma ƙofofin kabad ba su motsa ba. Durowar kicin ce ta ƙasa ta fice a wata kwana, na tarar bakin sakatarta a rufe, ɗan ƙarfen da take cafkewa kuma ya lanƙwashe gefe. Malam makanike, wannan miƙe shi zan yi, ko in sauya duka biyun in sa mai fam 10?