Shawarwari Ga Mai Son Ɗanɗana Girkin Makau

A wata tattaunawa kan abin da ya kamata baƙo ya ci idan yana son ɗanɗana girkin Makau, wani gari a kudancin ƙasar Sin, mahalarta sun fara da jan hankali cewa girkin garin ya sha bamban da abincin Sin da aka saba gani, domin Turawan Fotugal sun zauna a garin tun daga 1557 har zuwa 1999, suka kuma shigo da kwakwa da kurkum da kayan yaji daga Goa ta Indiya da Malaka ta Malesiya da gaɓar Afirka.

Mafi yawansu sun ce baƙo ya fara da galinha à africana, wato gasasshiyar kaza da ake lulluɓewa da miya mai kauri ta kwakwa da gyaɗa da barkono, kuma a ganina shawarar ta dace, tunda ɗanɗanonta ba zai zame wa wanda ya saba da miyar gyaɗa baƙo ba. An fi daɗewa a kan minchi, niƙaƙƙen nama da soyayyen dankali da ƙwai a kan shinkafa, saboda sau da yawa ana haɗa naman sa da na alade, wasu miyoyin kuma ana zuba musu giya. Don haka Musulmi ya tambayi mai hidima dalla-dalla kafin a girka, ko kuma ya zaɓi kifi.