Alto ɗina yana ba ni kunya a wajen atisaye: laifin baki ne ko na ƙarfe?

Mai Alto:

Barkanmu da warhaka, jama'a. Ina busa saksafon alto a band ɗin unguwarmu, kuma abubuwan da ke faruwa da ni a wajen atisaye sun fara isa ta. In na yi dogon shiru ina jiran wajen shigata, sautin farko sai ya fito da ƙara kamar an taka jelar mage. G shaf (shaf na nufin rabin taki sama da sautin) wani lokaci ba ya fitowa, sai in ji G. B da B filat (filat kuma rabin taki ƙasa) na can ƙasa rawa suke yi. Sannan in banmasta, shugaban band, ya ce kowa ya ba shi B filat a saita sauti, nawa daban yake fita da na kowa, har a riƙa juyowa ana kallona. Rid ɗina, wato siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa, Vandoren lamba 3 ne, bakin busa kuma Yamaha 4C. Ta ina zan fara?

Tsohon Ɗan Badujala:

Ɗan'uwa, fara da na ƙarshen, don shi ko kwabo ba zai ci maka ba. B filat ɗin banmasta na fiyano ne, ba naka ba. Alto kayan busa ne na E filat: in ka danna C ɗinka, abin da kunne ke ji E filat ne. Saboda haka in ka danna naka B filat, D filat kake ba su, dole a juyo. Kai G za ka busa. Masu saksafon tena da taramfet da kilarinet su C za su busa. Ƙa'idar ita ce ka sauko rabin taki uku daga abin da aka kira: B filat, A, A filat, G. In an kira A, F shaf ke nan a wajenka. Haka ma in aka miƙo maka takardar fiyano ko ta sarewa don babu ta alto, kada ka karanta ta yadda take. Sauko da kowane sauti rabin taki uku, sannan ka ƙara shaf uku a alamun farkon layi, ko ka cire filat uku.

Kada ka saita da ƙarfe mai sanyi. Busa minti biyar tukuna, domin iskar cikin bututu in ta ɗumama sauti hawa yake yi. Shi ya sa wanda ya saita daidai da isowarsa, kafin a raba atisaye biyu ya haye saman kowa, balle a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu. In ka hau, jawo bakin busa waje. In ka sauka, tura shi ciki. Milimita ɗaya ko biyu ya isa a kowane gwaji. In ka sami gurbin, ja layi da fensir a jikin kok ɗin wuya, wato abin nan mai laushi da bakin busa ke shiga a kansa. Kuma kada ka auna kanka da D na tsakiya ko C shaf na buɗe: a yawancin saksafon na farkon hawa yake yi, na biyun sauka.

Mai Gyaran Kayan Busa:

Malam, G shaf da rawar sautukan ƙasa duk a maɓalli guda suka haɗu, don haka bari in tsaya a kansa.

Yawancin maɓallan da ke ƙarƙashin yatsunka a buɗe suke zaune, kai ne ke rufe su. G shaf a rufe yake kwana, kuma ɗan yatsanka ba ɗaga shi yake yi ba, sakinsa kawai yake yi, wani siririn sifirin ne ke ɗaga murfin. Da fatar da ke cikin murfin ta ɗan yi danƙo, sifirin ba shi da ƙarfin ɓamɓare ta daga bakin rami. Danƙon kuwa sukari ne: zoɓo, kunun zaƙi, shayi, lemon kwalba, duk abin da aka sha kafin busa yana bin numfashi ya bushe a kan fata. Kurkure baki da ruwa kafin ka ɗauki ƙarfen. Mai cin goro ya kurkure sau biyu.

Maganin nan take: buɗe maɓallin, sa tsaftatacciyar takarda tsakanin fata da rami, rufe a hankali, ka zare takardar. Maimaita har takarda ta daina fitowa da datti. Kada ka barbaɗa hoda; ranar za ta yi aiki, daga baya ta cuɗe da danshi ta zama ƙullu. C shaf na ƙasa ma irin halinsa ke nan. Kafin banmasta ya ɗaga hannu, taɓa su biyun ka ga sun buɗe. In ka tashi mayar da shi akwati, bi cikinsa da tsumman gogewa, ka bar akwatin a buɗe ɗan lokaci in ka isa gida.

Yanzu rawar B da B filat. Maɓallan C shaf, B da B filat na ɗan yatsan hagu a haɗe suke da na G shaf. In ka danna ɗayansu ka saki G shaf ke nan. Abin da ke hana shi buɗewa wani ɗan hannun ƙarfe ne mai sukuru, wanda ke sauka a kan murfinsa in yatsun dama sun rufe. Sukurun in ya saki ko ɗan kok ɗin bakinsa ya lotsa, G shaf zai ɗaga kamar kaurin gashi, iska ta tsere. Ga gwajin: busa D na ƙasa ka riƙe, sannan ka danna G shaf. Sauti bai kamata ya motsa ba. In ya dusashe ko ya girgiza, ka kama ɓarawon. Murɗa sukurun ciki kaɗan-kaɗan, ƙasa da kwatan zagaye, kana sake gwaji. In ka zarce, murfin F shaf ne zai daina rufewa, sai F da E da D su lalace gaba ɗaya, ka koma gidan jiya ko ma fiye. In babu ƙaramin sukudireba da ya dace da kan sukurun, bar shi ka kai wa mai gyara.

Duba wuya kuma. Ramin okteb, mai ɗaga sauti zuwa takwaransa na sama, biyu ne: na jiki yana aiki daga D zuwa G shaf, na wuya daga A zuwa sama. Masu damƙe wuya da tafin hannu lokacin haɗawa su ke lanƙwasa maɓallin da ke kansa, sai fatarsa ta daina zama, kowane sautin ƙasa ya riƙa tsalle sama. Danna G da okteb, na wuya ya zauna a rufe. Ɗaga yatsa zuwa A, ya buɗe. Ba ka danna komai ba, ya kamata a ga 'yar tazara tsakanin sandar da ta fito daga jiki da zoben maɓallin. Toshiyar roba da ke zuwa a saman ƙarfen don kare wannan sandar aka yi ta, kada a jefar.

Malamar Kiɗa:

Ban ƙi bayanin mai gyara ba, amma ƙarar nan ta bayan dogon shiru ni rid nake zargi. Kara ne, da danshi yake aiki. Ka zauna gaɓa 32 (gaɓa ita ce kason kiɗa tsakanin layuka biyu a takarda) ba ka busa ba, fanka na kaɗawa ko ana hunturu, bakinsa ya bushe ya yi kwana-kwana. Saura gaɓa huɗu ka shiga, sa bakin busa a baki ka jiƙa shi, ka hura iska mai ɗumi ba sauti. In hutun shayi ne, rufe da murfinsa.

Lamba 3 ta Vandoren ta yi wa mai koyo tauri, kuma lambobinsu sun ɗan fi na Rico ƙarfi. Rid mai tauri yana sa mutum cizo da leɓen ƙasa, cizo kuma shi ke haifar da ƙara ya kuma hana sautukan ƙasa fita. Sauko 2.5. Jiƙa shi minti biyu zuwa uku a ruwa, ɗora shi tsakiya sosai, bakinsa ya yi daidai da ƙarshen bakin busa har ka ga siririn layin baƙi a samansa, maɗaurin kuma kada a ɗaure shi tamau. Riƙe uku ko huɗu kana juya su. Mai rid ɗaya ranar da ya tsage a kafaɗar rigarsa sai zaman kallo. Don sanin iya inda baki zai shiga, zura takarda tsakanin rid da bakin busa. Inda ta tsaya nan leɓen ƙasa zai zauna. Lura da tafin hagu ma, yana yawan gogar maɓallan D da E filat na sama ba da sani ba.

Ƙirgan shiru kuwa, lambar gaɓa ake sa wa a farko: 1-2-3-4, 2-2-3-4, 3-2-3-4. Rubuta da fensir wanda ke shiga gabanka, misali "taramfet, gaɓa 25", ka kuma zagaye alamar maimaici da ta koda, wato sashen rufe waƙa.

Mai Tena:

Ƙari kaɗan. In ka ji ƙurƙur kamar ana soya, ruwan numfashi ne ya taru bayan rid. Zuƙe shi da ƙarfi sau ɗaya. Igiyar wuya kuma sayi mai ƙugiya da ke rufewa. Buɗaɗɗiya tana zamewa in ka sunkuya ɗaukar fensir, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta karkatar da maɓallan ƙasa. Ga mai fama da hunturu, rid na roba irin Légère ba ya bushewa, sai dai tsada.

Mai Alto:

Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin D ɗin, sauti ya girgiza. Sannan wani maɓallin gefe yana lilo, ba ya komawa. In ɗaure shi da roba?

Mai Gyaran Kayan Busa:

Duba ƙarƙashin sandarsa tukuna. Za ka ga siririyar allura ta ƙarfe; yawanci zamewa ta yi daga ƙugiyarta, ba karyewa ba. Mayar da ita da ƙoshiyar saka ko bakin fensir, ka kula tana da tsini. In ta karye, roba za ta fisshe ka atisaye ɗaya, amma cire ta da an tashi, don tana ɓata fenti, a kan azurfa kuma tana barin baƙin tabo. Kuma kada ka bar akwatin cikin mota a rana kafin ka kai gyara. Zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe fatun, su goce daga ramukansu.