Abin da aka ce kan gyaran tsohuwar elemantare

Jama'a, ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar kan tsohuwar elemantaren garinmu da ke gefen Ringim, wadda yanzu muke taro a cikinta.

1. Kusan kowa ya yarda kada a rushe bangon tubali. Kaurinsa ne ke riƙe sanyi lokacin bazara.

2. Kada a yaɓe shi da siminti. Siminti ba ya kama jar ƙasa sosai, danshi yakan maƙale a bayansa har ya ɓamɓare da ƙasar. Magina sun ce a koma wa makuba, wato yaɓen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, a kuma share indararo kafin damina.

3. Rufi ne aka fi jan zance a kai. Wasu na son kwano don sauƙin kulawa. Wasu sun ce a bar azarar giginya, tunda gara ba ta cinta da sauƙi, a sauya wadda ta ruɓe kawai. Ni dai ina tare da na biyun, don ɗakin kwano da rana ba ya zaunuwa.

4. Bangon da ya raba azuzuwa biyu shi ke ɗauke da nauyin rufin. Idan ana son zaure mai faɗi, sai magini ya fara tayar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar nauyin rufi, kafin a taɓa bangon.

5. Dattawa sun roƙi a bar baƙin allon da ke bango. Wani ya kawo misalin Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda aka buɗe makarantar boko a 1909, har yau yana tsaye.

Maganar kuɗin gyara kuma an bar ta sai zama na gaba.