Zama da iyali a tsibirin Pemba, da gayyatar biki a bakin teku: ina neman shawara

Maman Hanif:

Assalamu alaikum. Maigidana ya samu aikin bincike na shekara 2 a Zanzibar, tsibiran nan da ke gaɓar Tanzaniya, a kan cutar tsargiya, kuma mafi yawan aikin a ƙauyukan tsibirin Pemba zai yi shi, yana bin makarantun firamare da kududdufai. Muna da yara biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 3. Abin da ya hana ni barci shi ne inda ya kamata mu zauna: ko mu bi shi Pemba, ko mu kama gida a babban tsibirin Unguja ya riƙa zuwa mana, ko kuwa mu yi zamanmu a gida Kano. Sannan wata abokiyar aikinsa Baturiya za ta yi aure a watan Agusta a bakin teku a Jambiani, wani ƙauye a tsibirin Unguja, ta kuma gayyace mu har da yaran, alhali ban san yadda irin wannan taro yake ba. Wanda ya san wurin ya taimake ni.

Hajiya Babba:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara 3 a garin Chake Chake da ke Pemba lokacin da Alhaji yake aiki a can, kuma shawarata ita ce ki bi mijinki Pemba. Mutanen tsibirin kusan dukkansu Musulmi ne, kiran salla zai tashe ki da asuba kamar kina gida, mata kuma suna lulluɓi da zanen da suke kira kanga. Yawancinsu mazhabar Shafi'i suke bi, saboda haka za ki ga ɗan bambanci da abin da muka saba a Malikiyya, amma ba abin da zai dame ki ba ne.

Harshen Swahili ma bai kai wahalar da kike zato ba, domin mu da su mun ari kalmomi da yawa daga Larabci. Suna cewa dunia, sabuni, Alhamisi, ishirini, hamsini, duk kunnenki ba zai yi baƙunta da su ba. Abin da ya fi rikita ni da farko shi ne ƙidayar lokaci, domin daga fitowar rana suke farawa, wato ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja a wurinsu, ma'ana ƙarfe ɗaya. Duk wanda ya ba ki lokaci, ki tambaye shi ko da lissafin Swahili yake nufi. Ki kuma koya wa yaran su ce wa manya shikamoo, su jira a amsa musu da marahaba. Wannan gaisuwa kaɗai ta buɗe mini ƙofofin maƙwabta. Har yau idan na ji ƙamshin kanumfari sai na tuna yadda ake shanya shi a kan tabarmi a gefen hanya lokacin tsinka.

Baban Zahra:

Ina girmama maganar Hajiya, amma a kan karatun yaro ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Makarantun gwamnati a can da Swahili suke fara koyar da ƙananan yara, kuma makarantun da baƙi suka fi kai 'ya'yansu a Unguja suke. Yaro ɗan shekara 7 da zai dawo Najeriya bayan shekara 2 yana buƙatar a yi masa lissafi tun yanzu.

Na yi aikin bincike irin na maigidanki, don haka bari in faɗa miki yadda ranakunsa za su kasance. Zanzibar ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu Tanzaniya, amma tana da gwamnatinta, kuma izinin bincikenta daban yake da na babban yankin ƙasar, saboda haka ya fara neman takardu da wuri. Ba a shiga ƙauye sai an fara gaida sheha, wanda yake kamar mai unguwa a wurinmu. Fitsarin yara kuwa daga hantsi zuwa azahar ake karɓarsa, domin a lokacin ne ƙwayayen cutar suka fi fitowa, daga nan a wuce ɗakin gwaji, wata rana kuma a wuni cikin taɓo ana neman dodon koɗin da ke ɗauke da ita. Zai dawo a gajiye, musamman lokacin babban ruwan sama na Maris zuwa Mayu. Ko ina kuka zauna, kada ki bar yaranki su yi wanka a rafi ko kududdufi. Ruwan teku ba ya ɗauke da tsargiya, ruwan daɗi da ke kwance shi ne abin tsoro.

Anti Rabi:

Ni a kan bikin zan yi magana, ƙanwata. Mutanen Zanzibar su kansu a masallaci ko a gida suke ɗaura aure; bikin bakin teku al'adar baƙi ce, kuma otal ne yake shirya shi. A Jambiani teku tana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a yini, har ki hango mata suna aikin noman ciyawar teku a inda ruwa ya bari, shi ya sa ake tsayar da lokacin taron daidai da cikowar ruwa, kuma ba a jinkirta shi saboda wanda ya makara. A kan rairayi ake jera kujeru, don haka ki bar takalmi mai tsini a gida, ki kuma ɗaure mayafinki da kyau domin a Agusta iska tana da ƙarfi a wannan gaɓa. Ki je da shigarki ta atamfa ko leshi, za su ji daɗin ganinta. Da dare akan kawo giya da kiɗa, sai ku halarci ɗaurin auren, ku ci abinci, ku yi wa amarya murna, ku tashi da yaran kafin magariba.

Maman Hanif:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da Baban Hanif daren jiya, mun yanke cewa zai fara tafiya shi kaɗai ya duba makarantun Chake Chake da idonsa, mu kuma mu iske shi a watan Yuli idan an yi hutu. Hajiya, idan ba damuwa, ina so in san yadda kika yi da garin tuwo da daddawa a can, ko sai na yi guzurinsu daga gida.