Ina neman abin da ya fi "ci gaba mai ɗorewa"

'Yan uwa, ku taya ni. Za a yi dashen itatuwa a unguwarmu, aka ba ni takarda in mayar da ita Hausa, sai na cije a kan sustainable development. Na san me za ku ce: ci gaba mai ɗorewa. Haka muke ji a rediyo tun 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da muradu 17 da ake son cimmawa zuwa 2030. Ni dai ba ta kwanta mini ba.

Ɗorewa ai daɗewa ce kawai. Leda ma tana ɗorewa, ku leƙa rafin Jakara na Kano ku gani. Alhali ma'anar da kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da ci gaba ya bayar a 1987 ita ce a biya buƙatar yau ba tare da an tauye ta 'yan baya ba. To ina 'yan baya a cikin kalmarmu?

Akwai wani kududdufi a bayan gidanmu, muna yara can ruwan unguwa ke tafiya. Aka cike shi da shara, aka yanka, aka jera shaguna. Ginin siminti ne, zai ɗore kam. Amma tun daga nan ruwan Agusta a tsakar gidanmu yake kwana, har kan bulo muke ɗora katifa. Ci gaban mai haƙan rijiya ke nan.

Tawa shawarar daga bakin kakata na ɗauko ta. Bayan girbi takan zaɓi zangarniyar gero mafi ƙwari ta rataye a ɗaki, wanda ya taɓa kuwa ya sha faɗa: "Ko da yunwa, ba a cin iri." Shi ya sa na ce ci gaba mai barin iri. Kishiyarsa cin iri. Wanda ya sare gawo a gona ya yi gawayi, cin iri ya yi, tun da itacen da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ya kuma ba ta taki.

Ƙari: wani malamin Hausa ya ja kunnena. Ya ce, "Malam, rabin mutanen nan ba sa sa lanƙwasa a waya. Barin iri da ɓarin iri duk ɗaya za su fito." Wallahi gaskiyarsa. Wani ya kawo "rage iri", na ce a'a, wannan sai a ɗauka mutane za a ƙarar.

Wata Hajiya ta ce, "Ɗana, sa tanadin iri ka huta." Da ita na tafi. A kan takardar zan bar "mai ɗorewa" sau ɗaya don masu jin rediyo su gane, sauran duk "ci gaba mai tanadin iri". Gobe bayan Azahar zan kai a buga, mai gyara ya yi magana yau.