Zauren Masu Kifin Ado na Gombe: ruwan tankina ya koma kore

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Tankin gilashin da ke falonmu, mai lita 60, ruwansa ya koma kore shar, ba na ganin kifin sai sun matso jikin gilashi. Na zubar da ruwan duka na zuba sabo, bai yi mako ba gansakukar ta dawo. Golfish uku ne a ciki, kifin adon nan mai ruwan zinariya. Wane magani ake sawa?

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam Hajiya. A ina aka ajiye tankin?

Maman Biyu: Gefen tagar gabas. Rana tana taɓa shi tun safe har hantsi. Fitilarsa kuma yara ba sa yarda a kashe sai an zo kwanciya.

Ɗan Bolari: To ai ga ciwon nan. Rana da safe, fitila da dare.

Kawu Mai Tarwaɗa: Koren ruwa ai lafiya ne. Mu a gona idan kududdufi ya yi kore murna muke yi.

Ɗan Bolari: Kawu, naku na kasuwa ne. Ita kallo take so ta yi, me za ta kalla a cikin miyar kuka?

Baban Yara Pantami: Hajiya, don girman Allah kar ki fara da magani. Bara cikin zafin Afrilu nawa ya yi irin haka. Na je wurin wani mai sayar da kifi, bai tambaye ni girman tanki ba, bai tambayi ko ina da injin iska mai hura wa ruwa iska ba, ya miƙo min wata 'yar kwalba ya ce in zuba da magariba, da safe zan ga ruwa garau. Na zuba kamar yadda ya ce. Can cikin dare aka ɗauke wuta, filta mai tace ruwan ta tsaya. Da asuba na fito da tocila, na tarar da kifin duk sun taso sama suna buɗe baki, manyan biyu sun riga sun kife, ruwan ya yi fari-fari yana wari. Ƙaramar 'yata ita ke ba su abinci kullum, ranar ko karin kumallo ba ta ci ba. Daga baya ne wani da ya san harkar ya warware min: maganin ya kashe gansakukar a lokaci ɗaya, matacciyar ta fara ruɓewa, ruɓewar kuma tana zuƙe iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. Ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, kun kuwa san yadda Gombe take a Maris da Afrilu, zafi har digiri 40. Na koma wurin mutumin ya ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma da ya yi min tambaya ɗaya da ba a kai ga haka ba. Yanzu ba abin da nake yi sai rage haske da canjin ruwa, kuma tun daga lokacin gilashina bai sake rufewa ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Anti Nas: Ameen. Har na ji tausayin yarinyar.

Malamin Kimiyya: Hajiya, gansakuka tsiro ce, haske take so da taki. Takinta shi ne kashin kifi da ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasan tsakuwa. Irin gansakukarki mai sa ruwa kore ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a cikin ruwan, shi ya sa ko kin zubar da kashi 90 cikin 100, ɗan abin da ya rage zai hayayyafa. Ki fara ɗauke tankin daga taga, amma ki rage ruwan kafin a ɗaga, kar gilashi ya tsage. Ki canza kamar sulusin ruwan, ki lulluɓe shi da bargo mai kauri kwana 3, ko leƙawa kar a yi, abinci ma a dakata, ba abin da zai sami golfish. Filta da injin iska su ci gaba da aiki, a bar ɗan wuri ta baya iska na shiga. Bayan an buɗe a sake canza sulusi. Daga nan fitila awa 6 zuwa 8 a rana, kar ta wuce.

Baban Yara Pantami: Malam, a ƙara da cewa ta zaɓi ranakun da take da tabbacin wuta ko sola. Bargo a wannan zafin ba iska, labarina ne zai maimaitu.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne Alhaji, wannan sharaɗi ne.

Mai Shagon Kifi: Hajiya ki sa pleco, kifin nan mai cin gansakuka, guda ɗaya ki huta. Akwai su a wurina, da katantanwa, sabbin zuwa daga Legas. Ki yi min magana ta gefe.

Admin: Talla ranar Juma'a ce kawai, an sha faɗa.

Mai Shagon Kifi: Shawara na bayar ba talla ba. Wancan makon wani ya sa hoton abincin kifi ba wanda ya yi magana.

Admin: Na goge shi, ka duba.

Ɗan Bolari: Kuma pleco jikin gilashi yake lasa, ba ya tace koren ruwa. Wanda aka fi kawowa nan yana girma ya wuce santimita 30, kashinsa ya fi na golfish ɗin yawa. A lita 60 ina za ta kai shi?

Mai Shagon Kifi: Kai ka taɓa kiwon sa ne?

Ɗan Bolari: Yana nan a tankin sumunti a bayan gida, zo ka gani.

Kawu Mai Tarwaɗa: Ku sa karfasa mana. Ta cinye koren, in ta girma a soya.

Anti Nas: Kawu kai dai komai sai ya ƙare a kasko.

Yaya Tumfure: Ni kainuwa ce ta yi min aiki. Guda kaɗan na sa a saman ruwa, tana yi wa tankin inuwa, saiwarta kuma tana shanye takin da gansakuka ke rayuwa a kai. In ta yi yawa sai in kwashe rabi in zubar, kar ta rufe fuskar ruwan. Sai dai golfish na tsinke saiwar, nawa molly ne da guppy, su kuma suna tsattsagar gansakukar jikin duwatsu.

Anti Nas: Yaya, in dai daga kududdufi ko bakin dam za a ɗebo kainuwa, a wanke ta sosai a ajiye ta a bokiti daban na wasu makonni. Kuma don Allah kar kowa ya tsinto katantanwar rafi ya sa a tankin da yara ke tsoma hannu. Wasu daga cikinsu su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ta fata take shiga, sai ka ga yaro yana fitsarin jini.

Yaya Tumfure: Na gode Anti, tawa daga tankin wani aboki na samo.

Ɗan Herwagana: Ni gansakukata ba kore ba ce, ruwan ƙasa ce, kamar ƙura a jikin gilashi. Tankin sabo ne.

Malamin Kimiyya: Wannan ta sabon tanki ce, takan tafi da kanta bayan wasu makonni. Ka goge da tsohon katin ATM. Wadda za ka kula da ita ita ce mai santsi, kore mai duhu, da ke ɓarewa kamar leda tana warin taɓo. Ita ba gansakukar gaske ba ce, bakteriya ce, wurin da ruwa ba ya motsi take so.

Maman Biyu: Malam, to filtar fa? Duk Asabar nake wanke soson da ruwan famfo da ɗan sabulu.

Malamin Kimiyya: A daina wannan Hajiya. A cikin soson nan akwai bakteriya masu amfani, su ke juya ammoniyar kashin kifi ta zama abin da ba ya kisa da wuri. Sabulu da kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, suna kashe su. Ki matse soson a cikin tsohon ruwan da kika zuƙo daga tankin, shi ke nan. Canjin ruwa ma kar ki ƙara yin duka: jarka ɗaya mai lita 20 a mako ta isa, ki zuƙo da tiyo daga cikin tsakuwa. Abinci kuma wanda za su cinye cikin minti 2.

Ɗan Bolari: In ruwan famfo na Dadin Kowa ne ki bar shi ya kwana a bokiti buɗe, kulorin ya fita kafin ki zuba.

Kawu Mai Tarwaɗa: Wa yake samun na famfo? Mu sai 'yan garuwa.

Baban Yara Pantami: Hajiya kar ki ji haushi, golfish uku sun yi wa lita 60 yawa. In da hali ki nemi babba.

Maman Biyu: Maigida ba zai yarda da wani tankin ba yanzu. Amma za mu matsar da shi yau in ya dawo.

Ɗan Herwagana: Wai injin iska mai caji da aka yi maganarsa kwanaki, awa nawa yake ɗauka in an ɗauke wuta?

Mai Shagon Kifi: Sai Juma'a zan amsa maka, kar Admin ya goge.